Labarin Shari'ar Gado da Amanar Gida a Ƙasar Wonaka

Duk wanda ya taɓa aikin En'e a ƙasar Gusau, ko a ɗakin shari'a, ko a ofishin uban ƙasa, ko wajen rubutun haraji, ya san ba shari'ar da ta fi ta gado daɗewa da ɗaci. Shari'ar bashi takan ƙare ran da aka biya, ta aure takan ƙare da sulhu ko rabuwa, amma ta gona takan bi gida tun daga kaka har jika. Dalili kuwa shi ne, gonar mamaci a wannan ƙasa tana da masu magana uku a kanta. Al'ada ta ce a bar ta a dunƙule a hannun babban gida. Shari'a ta ce a raba, kowane magaji ya karɓi rabonsa, mace da namiji. Sarauta kuma, da gwamnatin da ta gaje ta, suka ce ƙasa a hannunsu take, manomi amfaninta ya mallaka. Abin da ke biye labari ne na yadda waɗannan uku suka yi ta gamuwa a Wonaka da Gusau da Tsafe da Bungudu, tun daga zamanin jihadi har zuwa yau.

Asalin zama da asalin gona

Kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a shekara ta 1804, gabashin wannan yanki yana cikin ƙasar Katsina, shi ya sa har yanzu ake kiran sarkin Gusau Sarkin Katsina. 'Yandoto, kusa da Tsafe, gari ne na malamai da ya yi suna tun da daɗewa, kuma rundunar Muhammadu Bello ta ci shi a farkon jihadi. Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ne ya kafa Gusau. Amma zama bai yi daɗi ba a lokacin, domin yaƙi ya tashe su daga garin. Malam Sambo ya zauna a Wonaka, nan kuwa ya rasu a 1827, ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi, sai daga baya aka komo Gusau aka sake raya ta. Saboda haka Wonaka ta san tashi da komowa tun farkon labarinta, ta kuma san tambayar da takan biyo baya, watau wa ke da gonar da aka gudu aka bari.

A wancan zamani daji ya fi mutane yawa. Baƙo yakan zo ya gai da mai gari, a nuna masa wuri, ya sare, ya ƙone, ya shuka. Wanda ya raya matacciyar ƙasa shi ke da ita, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi musamman a kan wannan, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita, kamar rayawa da yankan da shugaba ke yi wa mutum, da hurumin da ake keɓe wa jama'a. Har wa yau, a mazhabar Maliku ƙasar da aka ci da yaƙi tana zama wakafi ga Musulmi baki ɗaya, shugaba mai tsaronta ne. Wannan magana ta kwanta cikin littattafai shekara da shekaru, sai da Turawa suka zo suka tashe ta.

Gandu, amanar da ba a rubuta ba

Tsarin noma na gargajiya shi ne gandu. Mai gida da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma babbar gona tare, a ci daga rumbu ɗaya, shi kuwa ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya ba kowa gayauna ya noma don kansa. In mai gida ya rasu, sau da yawa ba a raba gonar. Sai babban wa ya riƙe, ya ce shi ne uba yanzu, ya ci da iyayen mata da marayu, ya aurar da 'yan mata. Wannan ita ce amanar gida, kuma ta rufa wa gidaje da yawa asiri a shekarun yunwa. Illarta ɗaya ce, ba a rubuta ta, ba a kuma yanke ranar ƙarewarta. Muddin wa yana da rai, kuma yana da tsoron Allah, ba a jin kansu. In ya rasu, 'ya'yansa sukan buɗe ido su ga gona a hannun ubansu, su ce gadonsu ce. 'Ya'yan ƙanne da 'ya'yan mata kuwa su ce ta kakansu ce, ba a taɓa rabawa ba. Gadon gida alala ga raggo, in ji masu magana, amma a nan har mai himma yakan sha alalar.

Shehu Usmanu ya san wannan al'ada sarai. Tun kafin jihadi, cikin littafinsa Ihya'us Sunna, ya lissafa ta cikin bidi'o'in da suka shafi gado, watau babba ya haɗiye dukiyar mamaci da sunan shi ne makwafin uba, da kuma hana mata rabonsu. Cikin Kitabul Farƙi kuma ya zargi sarakunan da ya tarar da ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu suna kiranta gado. Ashe tun a wancan lokaci abin da shari'a ke fama da shi biyu ne, hannun babban gida da hannun mai mulki.

Yadda shari'a ke rabo

Alƙalan wannan ƙasa da Risala da Muhtasar na Sidi Halilu da Tuhfatul Hukkami suke hukunci. Tsarin rabo a wurinsu bayyananne ne. Da farko a fitar da abin da ke rataye da wani haƙƙi, kamar jingina. Sa'an nan kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Abin da ya rage shi ne gado. Matar mamaci tana da sumuni in akwai ɗa ko 'ya, in babu tana da rubu'i, in matan suna da yawa su raba wannan kason tsakaninsu. Uwa da uba kowane yana da sudusi in akwai ɗa. 'Ya ɗaya tilo tana da rabi, biyu ko fiye suna da sulusi biyu, in kuwa akwai ɗa namiji tare da su sai ya ɗauki rabon mata biyu.

Ga misali, don a ga abin da jinkiri ke jawowa. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza 2, da mata 3, dukansu ita ta haife su. Dukiya ta kasu kashi 8: matar ta ɗauki 1, kowane namiji 2, kowace mace 1. Da dukiyar fam 40 ce, matar fam 5, maza fam goma goma, mata fam biyar biyar, yaron makaranta ma ya iya wannan lissafi. To, a ce ba a raba ba, har ɗaya daga cikin mazan ya rasu ya bar uwarsa da matarsa da ɗa da 'ya. Yanzu sai a yi abin da malamai ke kira munasaha, watau a shigar da rabo na biyu cikin na fari, dukiya ta koma kashi 288. Tsohuwa ta ɗauki 48, ɗan da ya rage 72, 'yan mata 36 kowace, matar marigayi na biyu 9, ɗansa 34, 'yarsa 17. Mutuwa ɗaya ke nan ta mai da kashi 8 zuwa 288. In aka bari shekara talatin, aka yi mutuwa biyar ko shida, sai muhutin alƙali ya kwana yana lissafi, kuma kafin ya gama, shaidun da suka san iyakar gonar sun bi mai ita.

Akwai kuma wani wuri da ke yawan jawo ɓacin rai, watau jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa. In kakan ya bar ɗa namiji mai rai, jikan ba ya gado, ko da kuwa shi ya yi ta noma gandun. Maganin da shari'a ta buɗe shi ne kakan ya yi masa kyauta tun yana da lafiya, ko ya yi masa wasiyya cikin sulusi. Ƙasar Masar ta mai da irin wannan wasiyya tilas da doka a 1946. A nan kuwa an bar ta ga tunanin kaka, shi ya sa wanda ya yi sakaci yakan bar jikansa a hannun tausayin baffanni.

Kyauta da hubusi

Yawancin gardamar amana takan tsaya a kan magana guda, wai marigayi ya ba ni tun yana da rai. A mazhabar Maliku kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. In uba ya ce ya ba babban ɗansa fadama, amma shi ya ci gaba da nomanta yana kwashe amfanin har ya rasu, fadamar ta koma gado. In kuwa a ciwon ajali ya yi kyautar, hukuncin wasiyya take ɗauka.

Hubusi, wanda ake kira wakafi, shi ne a tsare asalin dukiya, ba sayarwa ba gado, a sadaukar da amfaninta ga masallaci, ko makaranta, ko zuriyar mutum. Shi ma sai an fitar da shi daga hannu. Mutum ba ya yi wa kansa hubusi, kuma Muhtasar ya lissafa hubusin da aka yi wa 'ya'ya maza aka fitar da mata cikin waɗanda suke ɓaci. Hubusin zuriya bai yawaita a ƙasar Hausa ba kamar yadda ya yawaita a Masar da Sham da Indiya, domin gandu ya tsaya a matsayinsa. A waɗancan ƙasashe kuwa ya jawo shari'u ba iyaka. A 1894 majalisar Sarauniyar Ingila mai yanke ƙara ta ƙarshe ta rushe wani wakafin zuriya na Indiya, ta ce hanya ce ta tsare wa dangi dukiya da sunan sadaka. Musulmin Indiya suka yi ta kuka har aka yi doka a 1913, wadda Muhammadu Ali Jinna ya gabatar, ta halatta shi. Daga baya Siriya ta soke wakafin zuriya a 1949, Masar ta soke a 1952, domin magada sun yi yawa, rabon kowa ya ƙanƙance, masu tsaron dukiyar kuma suna ci. Waɗancan suna da takarda ma abin ya gagara, balle amanar da aka ƙulla da baki a zaure.

Zuwan Turawa

Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga watan Maris 1903. Da aka naɗa Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, Gwamna Lugga ya yi jawabi, ya ce alƙalai za su ci gaba da shari'arsu, ba kuma za a taɓa addini ba, amma ikon ƙasa da aka samu da yaƙi ya koma hannun gwamnati, tun da ita ma da yaƙi ta samu. A 1908, zamanin Gwamna Girouard, wani kwamiti ya zauna a Landan don bincike a kan ƙasar Arewa, ya ji bakin Razdan-Razdan irin su Palmer da Temple. Aka jingina da maganar nan ta cewa ƙasar da aka ci wakafi ce, aka yanke cewa ba mai mallakar ƙasa shi kaɗai. Daga nan dokar ƙasa ta 1910 ta fito, ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana don amfanin 'yan ƙasa.

Wannan doka ta tsare manoma daga baƙin kamfanoni masu neman saye ƙasa, wannan gaskiya ne. Amma ta haifi wata tambaya a ɗakin shari'a. In gona ba mallakar mamaci ba ce, yaya za a raba ta gado? Saboda haka aka daɗe ana tafiya da hanya biyu. Tufafi da dabbobi da hatsi da kuɗi suna zuwa gaban alƙali a raba bisa farilla. Gona da gida kuwa sau da yawa sukan tsaya a hannun hakimi da uban ƙasa, in ta yi tsanani a kai Sakkwato, domin maganar ƙasa ta majalisar sarki ce. Haka yake a Kano ma, inda littattafan majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda suka wanzu har yau, suke ɗauke da ƙararrakin gidaje da gonaki.

Zuwa 1911 an kafa Baitulmali a manyan En'e-En'e na Arewa, aka yanka wa alƙalai albashi, kuɗin shari'a ya koma shiga hannun ma'aji da rasit. Cikinsu har da ushira, watau ɗaya cikin goma na dukiyar da kotu ta raba. Wannan ya gyara abu ɗaya, ya ɓata wani. Ya sa alƙali ya daina dogara da abin da shari'a ta kawo, ya kuma sa aka fara ajiye littafi mai lamba da kwanan wata. Amma talaka ya ga in ya kai gado kotu za a ɗebi ushira, sai ya gwammace a kira malamin unguwa a raba a gida, ko kuwa a bari ba rabo. Rabon gida ba laifi ba ne a shari'a, sai dai ba ya barin takarda.

Da ƙasa ta yi daraja

Muddin daji yana nan, wanda aka hana gona yakan yi fushi ya tafi ya sari wata. Abin da ya sake wannan shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanoni suka buɗe kantuna a Gusau, aka kafa injin gurzar auduga, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi a hannu. Baƙi suka cika gari, fili kusa da tasha ya yi tsada, fadama da gonar bakin hanya suka zama abin so. Sayar da gona, wanda doka ba ta yarda da shi a sarari ba, ya yi ta gudana da sunan jingina ko kyauta ko biyan wahalar sharar daji. Samari suka ga za su iya biyan harajinsu da kansu, gandu ya fara watsewa tun uba yana da rai. Sai ga 'yar da aka aurar shekara ashirin da suka wuce ta aiko ɗanta yana tambayar rabonta, ga kuma wanda ya tafi cin rani ya daɗe ya komo ya tarar wa ya jinginar da gonar.

A nan ne maganar mata ta fito fili, kuma abin da ya faru a Kano ya isa misali ga dukan Arewa. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa hujjar cewa macen da ta sami gidan kanta takan ƙi zaman aure ta shiga karuwanci. Aka zauna a haka shekara 31. A 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke hanin, bisa hujjar cewa tsofaffin mata suna tagayyara ba su da madogara. Littafin da alƙalai ke karantawa bai sake ba tsakanin shekarun nan biyu, rabon 'ya yana nan a rubuce yadda yake. Abin da ya sake shi ne ra'ayin mai mulki a kan ko gona tana cikin abin da ake gada. A ƙauyuka kuwa, ko inda ba a yi irin wannan doka ba, al'ada takan yi aikinta a hankali, a ce wa mace ta bar rabonta a hannun wanta saboda ranar da aure zai mutu ta komo gida. Sau da yawa ita kan yi shiru don zumunci, 'ya'yanta ne ba su yin shiru.

Hauzi, da inda ba ya aiki

Wanda gona ke hannunsa yakan kare kansa da daɗewa, abin da malamai ke kira hauzi. Ƙa'idarsa ita ce, in mutum ya riƙe ƙasa shekara 10 yana aikinta kamar mai ita, wani kuma yana nan yana gani, ba abin da ya hana shi magana, bai yi ba, to ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Tsakanin dangi kuwa sai abin ya kai shekara 40, domin an san 'yan'uwa suna kau da kai ga juna. Amma hauzi ba ya cin aro, ba ya cin jingina, ba ya cin amana, kome daɗewarsu. Ba ya kuma aiki a kan yaro har ya girma, ko a kan wanda ba ya nan bisa uzuri. Saboda haka shari'ar takan koma kan tambaya guda, da wane suna gonar ta shiga hannunka? Mai ƙara shi zai kawo shaidu adilai biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwa, tun da maganar dukiya ce. In ya rasa, wanda ake ƙara ya rantse. Kafin hukunci kuma alƙali ya yi izari, watau ya tambayi wanda za a kayar ko yana da sauran magana. Hukunce-hukunce da yawa sun rushe a ɗaukaka ƙara saboda ba a rubuta an yi izari ba.

Akwai kuma shufa'a. In ɗaya daga cikin magada ya sayar da rabonsa na gonar da ba a raba ba ga bare, sauran suna da ikon biyan kuɗin su karɓe, muddin ba su yi shiru shekara guda ba bayan sun sani. Dukiyar maraya kuwa tana hannun wasiyyin da uba ya naɗa, in babu alƙali ya naɗa wani, ba a kuma miƙa ta sai yaro ya nuna hankalin riƙo, a gaban shaidu.

Bayan En'e

A 1956 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a Kaduna, a 1960 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta maye gurbinta. Dokar ƙasa ta 1962 ta gaji ta Turawa ba tare da sake asalinta ba. A 1967 aka soke kotunan sarakuna, a 1968 kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma hannun gwamnati da sunan kotunan yanki. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafin En'e gaba ɗaya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar gonakin karkara.

Shari'a biyu na wannan zamani sun cancanci ambato. Ta fari ita ce ta Adesubokan da Yunusa. Wani Musulmi ya rasu ya bar wasiyya bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ya ba ɗaya daga cikin 'ya'yansa fam 10 kurum, ya fifita sauran. Ɗan ya kai ƙara. A 1968 Mai Shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina, wanda daga baya ya zama babban jojin Nijeriya, ya ce wasiyyar ta saɓa wa shari'ar Maliku. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa, ta ce dokar Ingila ta ba mutum ikon yin yadda ya so da dukiyarsa. Malamai suka ji zafin wannan ƙwarai, daga baya waɗansu jihohi, irin su Kaduna, suka yi dokar wasiyya tasu wadda ta bar Musulmi a ƙarƙashin shari'arsa.

Ta biyu ita ce ta Magaji da Matari a shekara ta 2000. Tsarin mulki ya ba kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ikon duba wakafi da kyauta da wasiyya da gado na Musulmi. Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa in gardama ta mallakar ƙasa ce tsantsa, ba ta rabon gado ba, to wannan kotu ba ta da hurumi, sai Babbar Kotu. Ga manomi bambancin nan siriri ne, domin shi abin da ya sani gonar ubansa ce. Amma in malamin kotu bai rubuta ƙarar yadda mai ita ya faɗa ba, sai a bi hanyar da ba ita ba, a yi shekaru, a kashe kuɗi, daga ƙarshe a ce a koma farko.

Aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birninta, filayen da ke kewaye da ita suka ƙara tsada. A Oktoba 1999 aka yi shelar Shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairu 2000, kotunan Shari'a suka maye gurbin kotunan yanki, aka kuma kafa hukumar zakka da wakafi. Hukuncin gado bai sake ba da wannan, domin dama shi ne sashen shari'a da bai taɓa fita daga hannun alƙalai ba.

Abin da ke gaba

Tun daga wajen 2011 'yan bindiga suka addabi ƙasar Zamfara, ƙauyuka da yawa na Gusau da Tsafe da Bungudu suka tashi, Wonaka ma ta ɗanɗana. An bar gonaki sun koma saura, gambar da ke kan iyaka ta ƙone, an sare itatuwan da ake shaida da su, dattawan da suka san wa ya ara wa wa sun watsu ko sun rasu. Akwai kuma waɗanda aka ɗauke ba a san ko suna da rai ba. Dukiyar wanda ya ɓace ba a raba ta sai mutuwarsa ta tabbata, ko alƙali ya yanke cewa ya kai shekarun da tsararrakinsa ba su wucewa, wanda mashahurin zance ya sa shekara 70. Kafin nan amana ce a hannun wani. Ran da aka koma gida, kamar yadda mutanen Malam Sambo suka koma, waɗannan amanoni za su zo gaban alƙali, kuma marayu da gwauraye ne za su fi kowa rashin shaida.

Tsofaffin ma'aikatan En'e sun san abin da ke tsai da irin wannan rigima, domin sun gan shi da idonsu. Gadon da aka raba da wuri, aka rubuta sunan kowane magaji har mata da abin da ke ciki, aka faɗi iyakar gona gabas da yamma, kudu da arewa, da sunan maƙwabta, aka sa hannun shaidu, ba ya komowa kotu sai da wuya. In magada sun so su ci gaba da noma tare, ba mai hana su, amma a rubuta cewa gona ta kowa ce, wane riƙo yake yi. Aro da jingina su ma a rubuta su da sunansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shafi guda da wani muhuti ya rubuta da tawada shekara sittin da suka wuce ya sha mayar wa jikanya gonar kakarta bayan duk shaidu sun ƙare, saboda haka littattafan nan da ke jibge a ɗakunan ajiya na kotuna sun cancanci a tsare su daga gara da ruwa.

Allah ya jiƙan alƙalai da muhutai da malaman kotu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ƙasar Zamfara lafiya, amin.